Mai Faci da Goɗiya

Ni mai faci ne a bakin Ƙofar Guga.
Shekara goma sha tara ina sauraron iska
tana sulalewa daga tayoyin mutane.
Na san hujin da ido ba ya gani:
a tsoma a ruwa, kumfa za ta faɗi gaskiya.

Wata Laraba na zagaya bayan kango
don in kama ruwa, sai na tarar da ita.
Goɗiya ce, bidi, ɗaure a turken ƙarfe,
igiyar roba ta ci ƙwauri har ta nutse.
Haƙarƙari a waje, ko makaho ya ƙirga.
A gadon baya gyambo ne faɗin faifai,
ƙudaje sun kafa kasuwa a kai.
Tana tauna takardar buhun siminti.
Ba ta yi haniniya ba. Ta dube ni kurum,
irin duban wanda ya daina jiran kowa.

Na tambaya, aka ce ta Barau ce,
mai ba samari haya ranar biki,
su yi ta sukuwa a kan kwalta
tun azahar har a kira isha'i.
Da ta fara ɗingishi ya sayi babur.

Na same shi a majalisa yana shan rake.
Ya ce, "Dabba ce fa, Sallau."
Na ce, "Wa ya ce maka mutum ce?
Amma alhaki kwikwiyo ne, ya san ƙofar mai shi."
Aka yi dariya. Muka yi ciniki.
Kuɗin da na daɗe ina tarawa don sabon injin iska
suka tafi a kan ƙashi da fata.

Dela ta riƙe haɓa a bakin zaure:
"Wannan tayar kuma ta ina ake hura ta?"
Kwana biyu ba ta yi mini magana ba.
Ran na uku, da asuba, na ji motsi:
ita ce da ruwan ɗumi da gishiri
tana wanke gyambon, tana faɗa ƙasa-ƙasa,
ban sani ba, da ni take ko da Barau.

Malamin dabbobi ya zo ya yi allura,
ya ce in ta ga Juma'a biyu, to da saura.
Mati maƙeri ya gyara kofato, bai karɓi sisi ba.
Mai niƙa ta aiko da dusa.
Wani dattijo daga Shinkafi ya sauke damin harawa,
bai ko faɗi sunansa ba.
Yaran layinmu suka koyi cire kaska,
suna tarawa a gwangwanin madara, suna gasa.

Bayan sallar magariba na miƙe a masallaci,
ni da ko a ɗaurin aure ba na magana.
Na ce, "Jama'a, bakinsu ne babu.
Yunwarsu irin tamu ce."
Murya na rawa. Wani ya yi tsaki.
Liman bai ce komai ba,
amma hudubar makon nan a kan turke ta tsaya.

Yanzu littafin da nake rubuta masu bashi
ya cika da wasu sunaye:
jaki a Rafindaɗi, kili a bayan tasha.
Ba duka muke cimma ba.
Akwai akawal da ya cika a cikin a-kori-kura
kafin mu kai shataletale.
Har yau ba na son bin hanyar.

Jiya Barau ya turo babur, taya a kwance.
Tana tsaye a inuwar dalbejiya, gashi ya rufe tabo.
Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ita ce?"
Na tsoma tayarsa a ruwa.
Muka yi shiru, mu biyu,
muna jiran kumfa.