Layi Na Tara

Matakala arba'in da biyu ce, na ƙirga,
daga ƙofar sakatariya zuwa ofishin diyya.
Sanda a dama, kafaɗar jikata Talatuwa a hagu,
sanyin Jos ya riga ni shiga cikin ƙashi,
kowace ƙafa na roƙon 'yar'uwarta ta fara hawa.

Akawun yaro ne, mai fara'a.
Ya ce, "Baba, ai da sauranka, tunda ka iso nan."
Na yi shiru.
Da na tsaya a ƙasa, ba mai ganina,
da na hawo, hawan ya zama shaida a kaina.
Ya miƙo fom, wai in ƙara ƙarfin gwiwa.

Talatuwa na karantawa, ina ba ta amsa.
Suna, Ilu Barau. Sana'a, haƙa.
Shekara tara a ramin kwal, can Inugu,
inda rufi bai kai ƙirjin yaro ba,
da rarrafe ake shiga, a durƙushe ake sara.
Sha bakwai a kuza, daga Bukur zuwa Barikin Ladi,
kwano a ka, ruwan laka har cinya.
A layi na tara biro ya tsaya.
Ta ce, "Kaka, wace rana hatsarin ya faru? Sun ce a sa rana da wata, ban da tsallakewa."

Wace rana?
Rami bai taɓa rufta mini ba.
Dalyop ya rufta wa, wata Laraba da hantsi,
shi yana da rana, an rubuta, an kira matarsa.
Nawa hatsarin ba ƙara, ba jini.
Kullum yakan zo ya ɗebi kaɗan
kamar ɓera a rumbu.
Je ki tambayi bakin rijiya
wane jan guga ne ya yi masa wannan zurfin yankewa.

Ga hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a fitila.
Guringuntsi ya ƙare, in ji shi,
dutsen niƙa ne biyu, ba hatsi a tsakani.
Sai ya ƙara da cewa, har da tsufa.
To yayana Gambo tela ya ba ni shekara shida,
har gobe goshinsa na taɓa ƙasa a masallacin Gangare.
Ni ina gefen sahu, kan kujerar roba,
ina sujada da ka, kamar mai gyangyaɗawa.

Layi na goma, shaidu biyu da kuka yi aiki tare.
Choji ya rasu bara. Helma Maisamari tun tuni.
Kamfani ya naɗe tabarmarsa,
ya bar mana kududdufai masu koren ruwa
da ke cin awaki, wani lokaci da yara.
Na ciro lambata ta tagulla, ɗari shida da sha huɗu,
na aza a tebur.
Ya juya ta, ya yaba nauyinta,
ya ce ba gurbinta a takarda, sai dai in ci gaba da adanawa.

Talatuwa ba ta sake tambayata ba.
Ta sunkuya, ta rubuta a layi na tara:
Kullum.
Akawu ya ce kwamfuta lamba take ci, ba magana ba,
amma zai tura Abuja haka nan,
in leƙo bayan sati shida, ko takwas, ko ya yi waya.
Na gode masa. Ba shi ya haƙa ramin ba.

Duk mai irin ciwona ya sani,
sauka ta fi hawa.
Na ba matakala fuska, na kama ƙarfen gefe,
na fara sauka da baya da baya,
yadda muke shiga rami da asuba,
Talatuwa a ƙasa tana ƙirgawa.