Tartsatsin Ƙofa

A Duluth, sanyi ya busar da iskar ɗaki.
Zulaihat ta ja safa bisa kafet,
ta kai hannu mariƙin ƙofa,
tas! shuɗin tartsatsi ya harbe ta.
Ta rugo: Baba, wuta ta ja ni!

Na hura mata yatsa, na ce:
bolt dubu goma ne suka gaishe ki,
amma ɗigo ɗaya tulunsu ya ɗauko.
Haushi ne, ba cizo.

Ban ba ta labarin Wendell ba.
Shekara ashirin yana haɗa waya.
Ranar da ƙanƙara ta narke
ya sauka ɗakin ƙasa, ruwa har idon sawu.
Bolt ɗari da ashirin kacal,
irin mai kunna fitilar gefen gado.
Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare hanya:
wuta ta shiga ta hannu,
ta ratsa ƙirji, ta fita ta ƙafa.
Yatsu suka ƙanƙame ƙarfe, suka ƙi saki,
zuciya ta manta kiɗanta.

Bolt turi ne, 'yata.
Abin da ya kwarara, da inda ya bi,
da daɗewarsa a jiki,
su ke yanke hukunci.

Dubi tattabaru can bisa wayar titi,
dubbai ƙarƙashin ƙafarsu, suna gyangyaɗi.
Ba su taɓa ƙasa ba, wuta ta rasa mafita.

Har yau da hannu ɗaya a aljihu nake aiki.

Ta share hawaye, ta koma kan kafet,
tana jan ƙafa,
tana nufo ni da yatsa.