Igiya a Goshi

Mun bar Haputale hazo bai tashi ba,
rigar sanyi biyu a jikina, kai ɗaya da hular ulu.
Uwata ta rako mu har bakin gonar shayi,
ta ɗaga jakata, ta taɓe baki,
ta ce, "Vasuki, kwandona na rabin yini ya fi wannan."
Ta juya, ganye ya haɗiye ta.

Kai ka sayo jakunkunan, Thevan,
masu igiya bakwai da aljihun da ba mu san aikinsa ba.
Shekara tara kana loda wa baƙi irinsu a kan bas,
ka ce yau bayanka zai goya taka.

Gangare ya ci gwiwa.
Matsattsaku biyu suka kama ni a ƙetaren rafi,
ka cire su da gishirin da muka ƙullo don dafaffen ƙwai.
Muka ci ƙwan lami, muna dariya.

Rana ta take, kafaɗata ta ƙi.
Na kwance igiya ɗaya na ɗora a goshi
yadda matan layinmu ke ɗaukar kwando,
jaka ta zauna daram.
Ka waiwayo ka ce, "Sauke, mutane na kallo."
Waɗanne mutane?
Biri ne a kan wayar lantarki,
sai wani tsoho mai gasa masara.
Har Beragala ban ce maka uffan ba.

A bas aka cusa mu, buhun shinkafar wani a ƙafata,
kwandasta a rataye yana rera sunayen garuruwa.
Sanyi ya sauka a wata tasha ba sallama.
Na tuɓe riga ɗaya a Wellawaya,
ta biyu ban san sunan garin ba.
Giwa ta tsaya gefen titi kamar mai jiran canjinta.
Ka zungure ni ka nuna.
Na kalli giwa. Kai ban kalle ka ba.

Tangalle da wari ta fara:
kifi, gishiri, man inji.
Na ji rugugi tun ban ga komai ba,
na zaci masana'antar shayi ce ta biyo sawunmu.
Sai hanya ta ƙare.
Na nemi dutsen da zai tare mini ido,
babu dutse, babu kowa a bayan ruwan.
Tun ina aji uku ake ce mini a tsibiri nake.
Yau na yarda.

Masunta na jan taru, suka yafuto ka.
Ka yar da jakar nan mai tsada a rairayi,
ka kama igiya, tafinka ya saɓule,
ladanka ƙananan kifi huɗu a ganyen ayaba.

Da dare, ɗakin haya, fanka mai ciwon wuya.
Ka kunna fitilar waya ka haska fuskata,
ka bi jan layin goshina da yatsa mai ƙarnin kifi.
Ka ce, "Irin na uwata ne. Na manta."
Ban amsa ba. Na matsa, na bar maka gefen taga.

Da safe na fito neman shayi,
na hango ka can bakin ruwa,
igiyar jaka a goshinka, kana tangaɗi,
wuyanka bai iya ba,
kaguwoyi na watsewa a gabanka.