Kujera 34K

Ƙarfe uku na dare a Iloilo,
ruwa na dukan kwanon rufi,
Rodel bai runtsa ba.
Manhajar da ya ƙera na ƙwanƙwasa ƙofar kamfanin jirgi
sau dubu kafin carar zakara:
akwai kujerar maki zuwa Dublin?

Shekara huɗu yana tara makin.
Ƙanwarsa Marites ta haihu a can.

Laraba kujera ta faɗo hannunsa.
Alhamis wasiƙar lauya:
ka keta sharaɗi.

Abin da suka baje a taga,
kallonsa sata ne?
Sai dai ido dubu ba ido biyu ba ne.
Wata tsohuwa a Tagbilaran
da yatsa ɗaya take nema.

Ya kashe manhajar.
Kujerar kam, bai mayar ba.