Dare Ɗan Rana Ne

Wata uku Ramlatu ba ta bar mu mun runtsa ba.
Da an sallame isha'i sai ta dunƙule 'yan hannuwa,
ta ja numfashi kamar mai shirin nutso a Binuwai,
ta saki kukan da ke tada karnukan Yalwa.
Dijatu ta goya, ta sauke, ta sake goyawa,
ni ina safa da marwa tsakanin randa da ƙofa
har ladan ya gyara murya.

Muka ce ciwon ciki ne. Muka ce zafin Garwa ne.
Likita ya juya ta, ya auna, ya ce lafiyarta lau.
Jaka biyu na biya don a ce mini ba komai.

Iya Fanne mai kifi ce ta zo karɓar rediyonta,
ta tsaya a zaure, tana kallon teburina:
lasifika uku, kowace da bakinta,
ɗaya labarai, ɗaya ƙwallo, ɗaya tsaki kawai take yi.
Ta leƙa ciki, ga 'yan barkan da har yau ba su ƙare ba,
wannan ya cilla yarinya sama ya cafe,
wancan ya haska mata waya a ido don ta yi dariya.
Ta ce, "Malam Sale, kai da ke gyaran murya,
tulu yana zubar da abin da ba a ɗura masa ba?
Hayaniyar da ta sha da rana take amayarwa.
Dare ɗan rana ne,
kamannin uwarsa yake ɗaukowa."

Na ji haushi, ban ɓoye ba.
Ban ma rage mata kuɗin gyara ba.

Amma washegari na kinkimi tebur
na kai shi bakin titi, gindin darbejiya.
Gida ya yi tsit har na ji kamar ba nawa ba.
Dijatu ta fito da ita hantsi ta ga haske,
ta yi mata wanka ba gaggawa,
ta murza mata man kaɗanya, yatsa bayan yatsa,
tana yi mata hira ƙasa-ƙasa
a kan tsadar albasa da rigar da tela ya ɓata.
In za ta ba ta nono sai ta zauna, ta bar tukunya ta jira.
Ta koyi karanta hamma,
da jan kunne, da kau da kai daga fuskar mutane,
kafin su zama kuka ta saki labule.
Baƙi suka ce mun yi rowar 'ya.
Gwaggona ta yi fushi har Juma'a biyu.

Daren farko, kuka.
Na biyu, kuka, har na ce tsohuwa ta yi ƙarya.
Na huɗu ta farka sau uku, ta sha, ta koma.
Ban ƙirga sauran ba.

Jiya na farka cikin dare don sabo,
ba abin da ya tashe ni.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
can nesa wata motar auduga tana hawan gada.
Dijatu ta yi nisa, hannunta ɗaya a gefen katifar yarinya.
Ni da na ƙare ƙuruciya ina murɗa maɓalli,
ina farautar tasha a cikin shuuu,
na kasa kunne.
Numfashi ne, ƙarami, yana shiga yana fita,
ba tsaki, ba yankewa.

Ban taɓa kama tasha tas haka ba,
kuma ban murɗa komai ba.
Gobe in Iya Fanne ta wuce da kwandonta
zan mayar mata da kuɗin gyara.