Kaka Biyu

Ruwan ƙarshe ya sauka ran Laraba,
bai yi sallama da kowa ba.
Yanzu damman gero ke shigowa Damagaram
a kan amalanke, a bayan jaki, a rufin mota,
ni kuwa na rataya tsohuwar na'urar hoto
wadda Kawu Lawali ya bar mini, haɗe da bashinsa,
na fita bayan la'asar
lokacin da rana ta rage faɗa.

Duwatsun Birni na fara ɗauka,
masu tumbi, kamar giwayen da suka durƙusa
aka manta a ce musu su tashi.
Wani ƙadangare ya gyaɗa mini kai sau uku,
kafin in danna ya tafi.
Wutsiyarsa kaɗai na samu.

Tabki ya fara janye zanensa daga gaɓa.
Yara biyu na wanke keke a ciki,
suna gardama a kan wanda zai fara hawa.

A lambun da ke bakin hanya benci uku ne,
ɗaya ya rasa ƙafa, an tokare shi da bulo.
'Yan makaranta sun baje sabbin littattafai
ƙarƙashin dogon yaro.
Zali mai soyayyar fara ta rufe fuska da gyale:
"In za ka ɗauke ni, sai ka saya."
Na sayi ta dala ashirin.
Ta sauke gyalen, ta ƙi murmushi,
ta ce murmushi kuɗinsa daban.

Gawon da ke bayan shinge yana tofo.
Duk damina ya tsaya tsirara,
sai da kowa ya fara zubarwa
sannan ya tuna da ganye.
Akwai masu irin halinsa a danginmu.

Sai bangon sojoji.
Siminti ne, tsayin mutum da hannu a sama,
fentin ya kwaye kamar fatar albasa.
Nomau mai gadi ya buɗe mini ƙofa
wadda ko ba a buɗe ba akuya na shiga.
Sunaye a jere, harshen Nasara ya tauna su
ya furzar: na ga Musa da harafi biyu na ƙari,
na ga wani da ba a ba shi uba ba,
sai sunan garinsu.

Na bi da yatsa, layi layi.
Barma Kyari nake nema, kakana,
wanda ya haye teku bai taɓa ganin kogi ba,
ya komo da tari, da lamba a gwangwanin shayi,
da kalma guda da yake ihu da ita cikin barci,
har yau ba mu san ma'anarta ba.

Babu shi.
Na sake bi daga ƙasa zuwa sama.

Nomau ya tofar da goro gefe:
"Ka ce ya komo?
Ai nan ba a rubuta wanda ya komo."

Shekara talatin ya yi a gida bayan nan.
Ya rasu a kaka irin wannan, rumbu cike.
Matarsa Yagana ta ce yaƙin ne ya kashe shi,
bai dai yi gaggawa ba.

Ƙarƙashin suna na ƙarshe akwai fili,
faɗin tafin hannu, ba a rubuta komai ba.
A matakalar, matar Nomau ta shanya kuɓewa,
yankakkiya, tana murɗewa a rana.
Na ja baya taku huɗu.
Inuwata ta hau bangon, ta rufe filin,
na matsa hagu, ta biyo ni rabi.

A haka na danna.

Ana kiran magariba daga Zango.
Saura hoto ɗaya a na'urar,
ga farar Zali ta huce a aljihuna.
Nomau ya ce in ɗauke shi da makullinsa,
in tabbata makullin ya fito.