Ƙullin Gishiri a Aljihun Baba

Ranar da muka dawo daga asibitin Tawa
takardar likita na ninke cikin hular Baba Nomau.
Bai ce uffan ba a hanya.
Sai da ya zauna bakin rumfa ya ce:
"Zuwera, yarinyar nan mai farar riga
ta raba ni da gishiri, ta raba ni da dunƙule,
mai ma ta ce sai ɗan cokali.
To me ya rage? Ruwan zafi da haƙuri?"

Na dafa. Ya ɗanɗana. Ya ture kwano.
"Wannan miya ba ta san sunanta ba."
Kwana tara ana haka,
tuwo na komowa madafa kamar ɗan aiken da aka kora,
wuyan rigarsa na ƙara faɗi.

A na goma, ina wanki, na taɓa ƙulli a aljihunsa:
gishiri ne cikin leda, ɗaure da zare.
Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai albasa Abijan
bai taɓa ɓoye wa duwan buhu ɗaya ba,
yau shi ke fasa-ƙwauri a cikin gidansa.
Na mayar da shi inda na gan shi.
Na yi kuka kaɗan a bakin famfo.

Inna Hajo ta leƙo ta kan katanga,
ita da haƙoranta huɗu da ba su taɓa ƙin abinci ba.
Ta ce: "Ke, gishiri mai ihu ne,
shi ya kurmantar da harsunanku.
Bari ya yi shiru,
ki ji masu magana a hankali."

Ta ce in yanka albasa siriri,
in janye itace, in bar garwashi,
in tsaya kanta kamar mai jinya
har ta bar fari, ta ɗauki launin zuma.
Ta farko na ƙone ta, ina hira a waya.
Ta biyu na cika kimba, miya ta koma magani,
har akuya ta shinshina ta wuce.

Amma hannu yana koyo.
Na gane masoro da citta
sai sun ji zafin busasshen kasko
kafin su faɗa wa turmi sirrinsu.
Na gane gabu, ganyen da muke rainawa,
in ya soyu, maƙwabta ke fara sallama.
Daudawar batso ɗan kaɗan, tafarnuwa ƙwaya uku,
busasshen kifin Tabalak a murmushe.
Lemun tsami kuwa baƙo ne mai kunya,
ba ya shiga sai an sauke tukunya.

Daren wata Laraba na ajiye masa tuwon gero,
da kwaɗon zogale a gefe, gyaɗar ni na soya.
Na koma bayan ƙofa ina tsintar abin da bai zube ba.
Loma ɗaya. Shiru.
Loma biyu. Ya kira ni.
"Albasar nan ba ta Galmi ba ce. Ta Tamaske ce."
Na ce haka mai tallar ya faɗa.
Ya ce: "Shekara talatin ina ɗaukar ta a ka,
ban san tana da zaƙi haka ba."

Bai ce an gode ba. Ba halinsa ba ne.
Kwanon dai ya dawo ba nauyi.

Jinin bai sauka rana ɗaya ba,
har yanzu muna zuwa awo duk wata,
har yanzu yana tsaki in ƙamshin tsire ya biyo iska.

Jiya na sake wanke rigar.
Ƙullin na nan.
Damina ta shige shi, ya dunƙule ya zama dutse,
zaren kuwa, ɗaurin farko ne,
ba a kwance ba.